Maharbin da Suka Goge

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka, da aikin masana'anta. Mu nan ƙalau, sai ƙafar Mama da ke motsawa jefi-jefi.

Yaya, kashi na biyu na gem ɗinmu, wasan nan da muke bugawa a talabijin, ya fito. Kai ka ce ko kana bangon duniya za ka zo mu buga tare. Na kunna don in leƙa kawai, raina ya ɓaci. Mutanen da suka ƙirƙiro shi ko ba su buga na farkon ba, ko sun mai da mu jakuna. Karen da muka binne a bakin kogi, har kana share ido kana cewa hayaƙin maganin sauro ne, ga shi garau yana kaɗa wutsiya. Tabon maƙerin da nake bugawa da shi ya tashi daga kuncin hagu ya koma na dama. Tabo ne ko ɗan haya?

Duk wannan mai sauƙi ne. Maharbinka, wan maƙeri, babu shi. Bai mutu ba, bai yi tafiya ba. Maƙeri ya buɗe baki ya ce shi kaɗai uwarsa ta haifa! Yanzu mutum ɗaya ke bugawa. Yaushe za ka zo?

Ƙaninka.

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan gajiyar aiki da sauƙi. Saƙonka ya iso, layi guda: wai gem ne fa, in girma, kuma a tunaninka ma maharbin ya mutu tun a na farko. Kai ma? Da su kake aiki?

Ni da na koyi karatun harshen waje a jikin gem ɗin nan, da ƙamus marar bango, na bi kowane kabari na karanta. Ko sunansa babu. Na ba abokan aikina labari a shagon gyaran waya, suka ce in kai ƙara kotu. Na dawo ɗaki ba wanda zan yi wa masifa sai fanka.

Jiya na isa wata ƙofar ƙarfe. Raggayen, tsohuwar ƙofar kurkuku ta kashin farko suka ɗauko suka sake mata fenti, wadda sai mun ja sarƙa biyu lokaci guda take buɗewa. Sun manta ba su cire sarƙarka ba. Tana nan tana lilo, ba ta taɓuwa. Na daɗe a tsaye gabanta, har Mama ta leƙo ta tambaya ko talabijin ce ta lalace.

Daga baya na ja tawa. Yaya, ta buɗe. Ashe ba sai ka zo ba.

Amma ban shiga ba.

Mama na gaishe ku. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Auta.