Ganyen da Ya Tare Sheƙa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan? Na san ba ka shan maganin, sai dai ka yi ta mita.

Hotunana sun dawo, na ga jan biron da ka zuba a bayan kowanne. Na gode. Inda ka ce ina barin rana a gabana, na yarda. Inda ka ce hannuna na rawa, shi ma na yarda. Amma ka gwada hawa kifaffen bokiti a bayan kicin kana leƙen tsuntsuwar da ba ta wuce babban yatsa ba, mu ga naka hannun.

Zancen almakashi ne ban yarda da shi ba. Ka rubuta cewa ganye ya tare sheƙar, in datse rassan haske ya shiga, in ba haka ba ba za ka sa hotunana a baje kolin ƙungiyarku ta masu ɗaukar hoto ba. Yaya, ka san yadda na ƙwallafa rai a kan wannan baje kolin. Har rigar da zan sa na ɗinka. Da na karanta sai da na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Sai dai ganyen nan ba kuskurena ba ne, dabarar uwar ce, ita ta zaɓi wurin. Akwai hankakan da ke wuni kan tankin ruwan maƙwabta, yana kallon itacen lemon da sheƙar ke ciki kamar mai jiran a sauke tukunya.

Ka ce haka duk masu sana'ar ke yi. Ai na sani. Hoton nan da ke rataye a shagonka, na 'ya'yan tsuntsu sun wage baki, wanda kowa ke tsayawa kallo, ni na riƙe maka tsani ranar da ka datse musu reshe. Kai ka ɗauki hotonka ka koma shago. Ni na share tsakar gida a ƙarƙashin sheƙarsu washegari, kuma har yau ban gaya maka abin da na kwashe ba.

Ga hotunan na sake aiko maka, da ganyensu. In ba su yi ba, ka ba wani gurbina.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarka,
Auta