An Toshe Mafitar Dam

Tudun Kanya, ta hanyar Ɗanbatta
Ashirin ga watan Azumi, 1985

Zuwa ga ɗana Nababa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Maijidda da jikata, ƙawata Turai. Yaya ibada, yaya zafin Yola da ake ba mu labari? Allah ya karɓi azuminmu da naku, ya tsare ka a kan hanyoyin da kake ginawa, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar babanka ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci ba sanda. Ƙanwarka Barira ta sauka lafiya, an samu namiji, ranar Talata aka yi suna, ya ci sunan kakansa na wajen uba. Ruwa ya sauka sau uku, mun yi shuka da ɗan irin geron da muka samo a kasuwar Ɗanbatta, ya kuwa tsiro gwanin sha'awa. Bayan shekara biyu muna ɗaga kai sama ba komai, ka san yadda zukata suka yi sanyi.

Za ka ga rubutun ya karkace, ka yi haƙuri da shi. Da hannuna na yi, kwana biyu ina fama. Da can nakan kai wa malamarmu ta yaƙi da jahilci ta gyara mini, amma wannan magana ta cikin gida ce, ba na so ta bi ta hannun kowa kafin ta zo naka.

Maganar dam ɗin Rafin Marke ce. Ka tuna shekarar da aka gama shi, kana sabon ɗauka a aiki, ka ja ni har can wai sai na ga abin da kuka yi. Ka nuna mini jingar ƙasar da ta tare rafin, sannan ka kai ni gefen gabas inda aka bar wuri mai faɗi, ƙasa-ƙasa, aka shimfiɗe shi da dutse da siminti. Na tambaye ka ko kayan aiki ne suka ƙare aka bar giɓi. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce wannan ita ce mafita, kuma ita ce ran dam ɗin. Ka ce jingar ƙasa tana iya riƙe ruwa komai yawansa muddin yana jingine da ita, amma ranar da ya hau kanta ya zuba ta baya, zai cinye ta kamar yadda ruwa yake cinye katangar da ba a yi wa yaɓe ba. Don haka aka ba shi ƙofarsa, in ya yi yawa ya fita salin-alin. Ban manta ba. To, Nababa, wannan ƙofa an toshe ta.

Ba zan ce mugunta ce ba, don na ga abin da ya jawo. Bara dam ɗin ya ƙafe tun kafin tsakiyar rani, albasa da tumatir suka ƙone a fadama, muka koma tonon yashi muna kwalfar ruwa. Baffanka Dabo, wanda yake sarkin noman garin nan, shanunsa bakwai suka mutu a gabansa, ɗansa Basiru kuma ya tafi cin rani kudu, yau wata goma sha huɗu ba labari. Shi ya tara maza a ƙofar dagaci ya ce ya tuna shekarar da aka yi ruwa sosai, ya tsaya da ƙafarsa yana kallon ruwa yana tserewa ta mafitar nan kwana tara, ruwan da zai ishe mu rani biyu. Ya ce wanda ya bar rumbunsa da ɓula kada ya yi kuka da ɓera. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka kira gayya kafin azumi, da kiɗa da komai, aka cika buhunan taki da yashi aka jera a bakin mafitar, aka bi da duwatsu da jar ƙasa aka daddale. Sun yi aikin da kyau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Tsayinsa ya kusa kai kan jingar, bai fi saura kamu ɗaya ba.

Ka san ba zan iya tsayawa gaban yayan mijina in yi masa musu ba. Na gaya wa babanka abin da ka faɗa mini, na roƙe shi ya kai maganar. Ya kai, ya dawo jikinsa a sanyaye. Wai Baffa Dabo ya ce shi ya yi maka huɗuba da bakinsa, ba zai koyi ruwa a wurin yaron da yake cin albashi a Yola ba, wanda bai binne saniya ko ɗaya ba. Daga nan babanka ya kama bakinsa. Ni kuwa ranar gayyar na ƙi ɗora tukunya, ban aika ko ludayin kunu ba, garin nan kaf aka sani. Ƙanen babanka Muntaka, da ba ya rabuwa da tsiya, ya leƙo har tsakar gida yana kirana Injiniya Hure, wai tun da na koyi a, ba, ca, sai gwamnati ta saya mini hular kwano da jar mota. Na ce masa in an kawo motar shi zan fara ɗauka, tunda ɗakinsa ne a bakin rafi kuma ko a kududdufi bai iya iyo ba. Ya yi dariya ya tafi, amma na lura tun ranar ya ɗaure akuyoyinsa a kan tudu.

Akwai ginshiƙin simintin nan mai lambobi da kuka kafa a cikin ruwa. Da ban damu da shi ba, yanzu kullum in na fita da sassafe sai na je na duba. Ruwan farko ya kai lamba biyu. Na biyu ya kai uku. Na ranar Laraba, wanda aka yi kamar da bakin ƙwarya, ya haura huɗu, kuma rafin bai daina kawowa ba sai da aka kwana biyu. Jan layin da ka ce daidai yake da bakin mafita yana kan shida. Damina ko kama ƙasa ba ta gama yi ba, ina ga watan marka? Sannan a bayan jingar, wajen tsakiya, na ga wuri ya jiƙe, ciyawa ta yi kore shar, ruwa yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Na tara a tafin hannuna na duba, garau yake, don na tuna ka ce in ya fito da laka to cikin jingar yake ci. Duk da haka raina bai kwanta ba. Gida goma sha ɗaya ne a ƙasan dam ɗin. Na farko na Baffa Dabo ne, na uku na mijin Barira.

Na bi hanyar da ta kamata. Na je wurin dagaci na durƙusa, ya saurare ni da mutunci, ya ce abin da jama'a suka yi da gayya ba ya rushe shi da bakin mutum ɗaya, sai in takarda ta zo daga sama. Na sa mijin Barira ya je ofishin masu kula da dam, ya tarar da mutum ɗaya tal, wanda ya ce masa motarsu tana kan duwatsu tun bara ba taya, amma ya rubuta ya ajiye. Ban ga laifinsa ba, zamanin ne haka. Sai dai hadari ba ya jiran taya.

Saboda haka na zagaya gida-gida wurin tsofaffi irina, waɗanda ba mai tambayarmu ina za mu. Ban yi musu dogon bayani ba. Na ce kowace ta tuna yadda tulu yake yi in an cika shi fal aka danne bakinsa, kuma ta ƙirga jikokinta da suke kwana a ƙasan jingar. Inna Indo mai daddawa ce ta fara ɗaura ɗankwali, ta ce ita ta riga ta ci zamaninta, in Dabo zai daki wata ya fara da ita, tunda ita ta goya shi. Ranar Juma'a bayan sallar asuba mu tara muka tafi da ƙoranmu da 'yan fartanyu. Muna farfasa ƙasar, muna ɗiba a ƙwarya, muna zubarwa can gefe. Buhu kuwa mu huɗu muke jan ɗaya. Da bakin azumi ba ma wuce hantsi. Jiya mun zama goma sha bakwai, yau ashirin da ɗaya. Mun buɗe wajen taku uku daga ƙarshen da yake nesa da jingar, har simintinku ya fito fili. Kaɗan ne, faɗin wurin ya fi taku talatin, amma da yayyafi kogi kan cika.

Jiya Baffa Dabo ya zo ya tsaya a kan jingar yana kallonmu. Na zaci zai yi faɗa, bai yi ba. Ya kira sunan babanka, ba nawa ba, ya ce a gaya wa Iliyasu in rani ya zo yara suna kukan ƙishirwa, ya aika su ɗakin matarsa ta shayar da su takarda. Ya ce kuma daga yau ƙafarsa ta bar gidanmu. Maganar ta soke ni, don idonsa ya kawo ruwa lokacin da yake faɗa, kuma na san ba dam yake gani ba, shanunsa yake gani da Basiru. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Amma yau da na fito, na tarar babanka ya wasa babbar galmarsa ya jingine ta a bakin ƙofata.

Ga abin da nake so daga gare ka. Ka nemi izini ka zo, ko na kwana biyu ne, kada ka jira sallah. In zuwan ba zai yiwu ba, ka rubuto wa dagaci takarda da Hausa, da hatimin aikinka a jiki, ka faɗi abin da ka faɗa mini ba tare da ka kunyata kowa ba. Ka kuma amsa mini tambaya biyu a bayan takardar, da manyan baƙaƙe. In ruwa ya riga mu ya kai buhunan kafin mu gama, ta ina za mu ci gaba da cirewa don kada ya ɓalle gaba ɗaya ya tafi da mu? Wurin nan mai tsattsafo kuma, mu danne shi da ƙasa ko mu bar shi? Ban taɓa shi ba sai na ji daga bakinka. Sannan ka yi tunani a kan abin da za a gaya wa mutane game da rani, domin tsoronsu gaskiya ne. In yashe cikin dam ɗin zai ƙara masa ruwa, ka faɗa, mazan da suka iya gayyar toshewa za su iya ta yasa.

Na ɗauko Barira da jaririnta na dawo da su ɗakina, na ce wankan jego ne, ba wanda ya yi musu. In ka zo, kada ka sauka a gidanmu sai ka fara zuwa ka gaida Baffa Dabo, ka cire takalmi ka durƙusa kamar yadda ka saba, duk abin da ya faɗa maka ka haɗiye. Ba nasara nake nema a kansa ba. Na yarda ya shekara goma bai amsa gaisuwata ba, in dai yana zaune a ƙofar gidansa ina wucewa ina gaishe shi.

Babanka yana sa maka albarka. Barira da mijinta suna gaishe ku, haka Inna Indo, wadda ta ce ka taho mata da man zafi don bayanta. Muntaka ya ce a gaida babban injiniya, wai ƙaramar tana nan tana ba su wahala. Ka gaishe mini da Maijidda da kyau, ka shafa kan Turai. Direban da zai kai takardar nan Kano yana shirin tashi, ga kuma gabas ta fara haɗa hadari, zan je in duba lamba.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mahaifiyarka,
Hure