A Bayyane Yake

Hostel, Jos
Lahadi

Zuwa ga Kakana, angon tsufa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ƙafar nan taka da sanyin Bukuru. Na san in na kira ka a waya sai duk hostel sun ji sirrina kafin kunnenka ya kama kalma ɗaya, shi ya sa na rubuto. Dantong direba zai sauke maka in ya zo wucewa.

Kaka, na sake faɗuwa. Kwas ɗin nan na aji biyu da ake kira Analisis, wanda ya kayar da ni bara, shi ne ya sake kayar da ni. A sashenmu na lissafi kuwa wanda ya faɗi sau uku a irin wannan kwas sai ya kama hanyar gida. Dama ɗaya ta rage mini.

Ba faɗuwar ce ta fi ci mini rai ba. Bana ajin su ƙanena Musaddiq ne ke ɗaukar kwas ɗin. Yaron da na goya, na koya masa ƙidaya da ƙwallayen dabino a tsakar gida, da shi zan zauna benci ɗaya. Ka kuma san tun ina firamare duk layinmu a unguwar Congo-Russia Kwamfuta suke kirana. Har yau in na wuce, masu shago sai su jefo mini lissafi in cafe, su yi ta dariya suna tafi. Yanzu in na hango su sai in canja layi.

Ranar Juma'a na je gida na gaya wa Umma. Tana kan keken ɗinki. Ta ce, "To." Ko ƙafarta ba ta ɗaga ba. Da Musaddiq ya shigo kuwa, sai ga "Musaddiq, ka ci abinci? Musaddiq, ya lakca?" Na san ni 'yar fari ce, na san al'ada. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "yayar Musaddiq", ban kuma taɓa damuwa ba. Amma wannan "To" ɗin ya tsaya mini a rai.

Roƙona ɗaya ne. Ka sa a share mini ɗakin marigayiya Hajiya, in zo in zauna ina dafa maka gwate, a ce wa mutane jinyarka nake yi. Gara in bari da kaina da a kore ni.

Ka huta lafiya.
Amaryarka da ba ta da fuskar fita


Bukuru
Laraba

Zuwa ga Amarya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da karatu, ina gaishe ki da kuka, don na ga inda ya ɗiga a takardar. Dantong ya miƙo mini ita ta tagar mota yana cewa, "Oga Baba, amarya naka ya rame fa." Na ce masa begena ne ya ramar da ita.

Ɗaki dai ba za a share ba. Na riga na gaya wa 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci cewa mai digiri zan aura, ba zan koma in ce musu an fasa ba. Jinya kuma ki nemi wani, ni lafiyata ƙalau. Gwatenki kuwa na ci shi da sallah, har yanzu ina neman gishirin.

Amma ki fahimtar da ni. Ke da lamba ba ta kwana a hannunki, wane irin lissafi ne wannan? Ko sun ƙirƙiro wasu lambobin ne bayan waɗanda muka sani? Ni a shekarun da na yi ina gyaran injin wankin kuza, in inji ya tsaya buɗe shi nake in ga inda ya ci. Ki buɗe ki gaya mini inda ya ci, da Hausar da tsoho zai gane.

Zancen zama da ƙanenki, ki je ki zauna. Gemu ma ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi.

Na uwarki kuwa ba ni da bakin magana. Ita ma tawa ta farin ce, kin sani, ko a takarda hannuna ba zai iya rubuta sunanta ba.

Allah ya yi miki albarka.
Angonki


Hostel, Jos
Asabar

Kakana,

Sallama da gaisuwa. Na bi maganarka na je ajin, ga kuma abin da ya biyo baya.

Tukuna ga amsar tambayarka. Ba sababbin lambobi ba ne. Ka ɗauki ɗaya, sai rabi, sai sulusi, sai rubu'i, sai humusi, haka dai ana ta tafiya. Kowa ya ga suna ƙanƙancewa suna nufar sifili. A sakandare in ka faɗi haka ka ci. A nan kuwa sai a ce tabbatar. Wato ka ɗauka akwai wani mai gardama a gabanka da bai yarda da komai ba, ka bi da shi taki-taki, kowane taki da dalilinsa, har ya rasa ta cewa. Ni kuma kaina ya saba da tsalle. Ina ganin tambaya na ga amsa, tsakiyar kuwa sai in rubuta kalmar Turancin nan mai nufin "a bayyane yake", in wuce. Takardata takan dawo da jan biro a kan kowace ɗaya: don me? don me?

Ranar Talata na lallaɓa na zauna can baya, na ja hijabi har gira. Bai hana Dakta Chinonye, malamar kwas ɗin, hango ni ba. Ta ce tunda ni tsohuwar hannu ce in fito allo in yi wa yara wannan na rabi da sulusin. Na fita. Na rubuta layin farko, na rubuta na ƙarshe, hannuna da kansa ya sa "a bayyane yake" a tsakiya. Ta ce, "Don me?" Kaka, na tsaya da alli a hannu, ina jin ana ta gyaran murya a bayana. Na san gaskiya ne, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Can sai aka ɗaga hannu a benci na biyu. Musaddiq ne. Ya zo ya karɓi allin daga hannuna, kansa a ƙasa, ya cike abin a layi kaɗan. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

Bayan an tashi ta tsayar da ni. Haifaffiyar Jos ce, in magana ta kai magana Hausa take juyawa. Ta ce, "'Yar uwa, ni ma na san gaskiya ne. Amma ba na iya duba cikin kanki, takarda nake dubawa. Abin da ba ki rubuta ba ba shi da maki, ko da gaskiya ne."

Jiya na je gida. Musaddiq bai faɗa wa kowa ba, na san halinsa, amma na kasa haɗa ido da shi. Umma ta ajiye mini tuwo ba ta ce komai ba. Da can in ta yi shiru nakan ce kunyar 'yar fari ce. Yanzu ina ganin kunyar ta zama wata iri, irin wadda uwa ke ji in 'yarta ta ba da ita a unguwa. Ban ci tuwon ba.

Har yanzu ina roƙon ɗakin nan.
Amaryarka


Bukuru
Alhamis

Amarya,

Bayan sallama, na karanta bayaninki sau da yawa. Daga humusi na ɓace, amma na gane mai gardamar, don irinsa sun cika majalisarmu.

Ga labari. Ranar Litinin da hantsi ina shan rana a ƙofar ɗaki, sai ga uwarki. Ba sallah ba, ba rasuwa ba, ta rufe shago ta hau motar Bukuru. Ta durƙusa ta gaishe ni ta koma can gefen rijiya ta zauna. Ki duba wannan zama. Ni ba na iya kallon tawa, ita ba ta iya ambaton tata. Muka yi zancen ruwan sama, muka yi na tsadar dankali. Can ta ce wa bokitin da ke gabanta, "Wannan ta makarantar ba ta cin abinci." Na ce wa sandata, "Na ji labari." Ta ce, "In ta shigo sai ta bi bango, kamar wadda ta yi sata." Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun tana yarinya rabona da ganin kukanta.

Ni kuma sai na ɗauko takardarki na karanta wa kaina. Kin san kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, ina jin har maƙwabta sun ji zancen "a bayyane yake" da na tuwon da ba a ci ba. In laifi ne ki ɗora wa kunnena. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ashe haka ta ɗauka." Ta tashi ta share mini tsakar gida, wadda ba ta bukatar shara, ta tafi.

Ban ce miki komai a kai ba. Ke ce mai karatun hujja.

Abu ɗaya zan ce. Yaron nan da ya karɓi alli kansa a ƙasa, ba cin fuskarki ya zo yi ba, ɗauke ki ya zo yi daga gaban allon. Ki je ki same shi ki ce ba ki gane ba. Kalma ce ƙarama, ba ta taɓa kashe kowa ba.

Ki ci abinci, ba na son amarya ƙashi da rai.
Angonki


Hostel, Jos
Alhamis

Kakana,

Sallama. Ka yafe mini shirun makonnin nan, karatu ne ya riƙe ni, wannan karon da gaske.

Na je na sami Musaddiq. Sai da na zagaya ɗakin karatu kamar mai neman abin da ya faɗi kafin na iya zama kusa da shi na ce, "Ban gane ba." Ya ce, "Yaya, ni ma sai da abokina Hyginus ya yi mini bayani sau uku." Ashe su huɗu ne suke haɗuwa da yamma a wani ajin da ba kowa, ɗaya ya hau allo, sauran su zama masu gardama. Na zama ta biyar. Sun hana ni kalmar nan tawa, duk sanda na faɗe ta sai in goge allo in faro daga sama. Na goge allon nan har hannuna ya yi fari. Na kuma gano abin da ya fi ba ni kunya: rabin wuraren da nake cewa a bayyane yake, ni kaina ban san dalilin ba.

A tes ɗin makon jiya na sami hujja ɗaya da ta dawo ba jan biro ko ɗigo. Sauran biyun da saura. Na daɗe ina kallon wannan ɗayar.

Amma jarrabawa ranar Litinin ce, Kaka, kuma tsoro ya dawo. In na janye kafin ranar, zan iya cewa ni na bari. In na shiga na faɗi, sunana zai hau allon sanarwa cikin waɗanda aka sallama, Musaddiq ne kuma zai fara gani. Labarin zuwan Umma na karanta shi har ya kusa yagewa. Na je gida sau biyu tun daga nan, tuwo ne dai da shiru. Wataƙila yadda ka gani haka ne. Wataƙila kuma kukan takaici ta yi. Ban san wanne ba ne, ba kuma zan iya tambaya ba.

Ka yi mini addu'a. Ban yanke ko zan shiga ba.
Amaryarka


Congo-Russia
Lahadi

Assalamu alaikum.

Na ba Musaddiq ya kawo miki wannan da ɗan dambun nama. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri.

Na ji an ce a makarantarku abin da ba a rubuta ba ba shi da maki, ko da gaskiya ne. Ni na ɗauka a bayyane yake. To ga shi na rubuta.

Ban taɓa jin kunyar haihuwarki ba, ko ranar da kika zo da labarin faɗuwa. Na ce "To" ne don in na ƙara kalma ɗaya kuka zan yi a gabanki. Gobe ki shiga. Ki ci ko ki faɗi, ƙofar da kika fita ta nan za ki dawo, ba ta bayan layi ba.

Allah ya ba ki sa'a, Fatimatuzzahra.

Ban rage ko harafi ɗaya ba. Kada ki nuna wa kakanki.

Mahaifiyarki,
Tabawa