Toka a Kan Ƙanƙara

Litinin, 9 ga Afrilu
Furen kurokus ya fito a bayan rumbun ciyawa, farare da shunayya, daidai inda dusar ƙanƙara ta janye. Na gani. Na shiga na tatsi shanu.

Alhamis, 12 ga Afrilu
Serafin, ƙanen marigayi mijina, ya zo da bokiti. Kowane gida na ba da tokar murhu, za su barbaɗa a kan tulin ƙanƙarar da ya zaftaro daga dutse a watan Janairu, don rana ta kama shi ya narke da wuri, kamar yadda muke wa gonar dankali. Ɗana Firmin na ƙarƙashin tulin nan, shi da ciyawar da ya je ɗaukowa.
Ya ce, "Matar yaya, taki kaɗai ta rage."
Na ce tawa ta wanki ce. Ya daɗe tsaye yana murza hula, sannan ya tafi.

Lahadi, 15 ga Afrilu
Coci. Miyar sha'ir da cuku. Ban ji gishiri ba.

Laraba, 18 ga Afrilu
Furannin sun haura sun wuce gadar katako. Ƙanƙara na ja da baya, suna bin sawunta, ko kunya babu. Mutane sai cewa suke sun yi kyau bana. To, su yi.
Ba baƙin ciki nake ji ba, ban ma san sunan abin ba. Abin da na sani, muddin Firmin yana cikin sanyin nan, yana nan yadda ya fita, da jar rigar ulu, da gemun da na ce ya aske. Ranar da suka ciro shi, Fada zai kaɗa ƙararrawar coci, shi ke nan kuma.

Asabar, 21 ga Afrilu
Maƙwabciyata Ulali ta same ni a bakin rijiya. Bakinta ba linzami, tun muna 'yan mata.
"Ke Onorin, kina tsammani ke kaɗai ke jiran ƙanƙarar ta narke? Hankaki na jira, dila na jira. In ba mu riga su ba fa?"
Na ce ta kula da tulunta, ya cika yana zuba.
Duk yinin nan idona na sama. Akwai su kuwa, suna shawagi.

Talata, 24 ga Afrilu
Bokitin tokar ne ya cika, ba wurin zuba wata, shi ya sa. Na hau da shi da safe. Hanya duk fure, ba inda mutum zai sa ƙafa, na taka abina. Maza na can da dogayen sanduna suna caka ƙanƙarar. Da suka gan ni, Serafin ya matsa ya ba ni wuri. Na barbaɗa ta ko'ina har ta ƙare.
Da zan sauko na ce masa, "Ku riƙa sa sandar a hankali."