Furen Ganyen Waakye

Ƙanina Dramani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali da aikin gona? Bayan gaisuwa, wane irin ganye ne ka ba direba Seini ya kawo mini? Ina naɗe waakye, shinkafa da waken nan da nake sayarwa, da zafinsa sai ya yage, ƙamshi kuwa ko kaɗan babu. Wata 'yar Asante da ta daɗe tana saye a wurina ta shinshina ta ce, "Hajia, yau ba naki ba ne," ta wuce. A gaban mutane! Kowa a unguwar Dichemso, nan Kumasi, ya san saboda ganyen nan ake tsallake masu waakye a zo teburina. Ka yanko mini wanda marigayiya Mma, mahaifiyarmu, ta dasa a gonarmu, ba wannan tarkacen ba.

Yayarka, Rakiatu

Yaya Rakiatu,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Tarkace kuma? Ni da na shiga daji da adda, tururuwa ta gama da ƙafafuna, ke kina Kumasi a ƙarƙashin fanka, ladana ke nan? Ganye ai ganye ne: kore, mai faɗi, ɗaya a kan kara. Mma ba ta taɓa nuna mini wani wuri ba, ke take ja zuwa daji. In akwai bambanci, faɗa mini.

Na gaishe ki, Dramani

Dramani,

Sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ce kai ke riƙe da gonar, amma ba ka san abin da ke cikinta ba! Kar ka duba ganyen, masu kama da shi suna da yawa. Furen za ka nema. Namu ba ya son rana, yana cikin inuwar manyan itatuwa ta gefen rafi, inda ƙasa ba ta bushewa. In ka ga fure a sama kusa da ganye, ba shi ba ne. Ka durƙusa ka share busassun ganyaye daga gindi: furensa a ƙasa yake, ƙarami, launin shunayya mai haske. 'Ya'yansa jajaye ne masu kusurwa uku. In ka lasa abin da ke jikin ƙwallon, zaƙin zai bi ka har gida.

Allah Ya sa ka gane. Rakiatu

Yaya,

Sallama. Na gane, kuma ban ji daɗi ba. Itatuwan gefen rafin nan na sa an sare su bana, na shuka masara, don yarana ma suna da baki. Abin da ke ƙarƙashinsu ciyawa na ɗauke shi. Rana ta ƙone shi duka. Na durƙusa har gwiwata ta yi jini kafin na sami gindi ɗaya a bayan wani dutse, da furensa da komai. Kar ki fara mini faɗa! Tun rasuwar Mma kin taka gonar nan? Oda kawai kike aikowa kamar ni yaron shagonki ne. Ganyen da ya rage ba zai naɗe miki cinikin safiya ɗaya ba. In yanko?

Ƙaninki, Dramani

Dramani,

Sallama. Kar ka yanki ko ɗaya. Yi masa rumfa da ganyen kwakwa, ka riƙa zuba masa ruwa. Ina tafe ranar Asabar, faɗanmu kuma yana nan. Daga gobe waakye na Hajia Rakiatu a leda za a sayar da shi.

Yayarka