Dokoki Tara da Lemar Kubra

Asabar, 19 ga Yuli, 2025

Alhamdu lillahi. Yau aka yaye su Kubra daga firamare. Ta karɓi kyautar lissafi. Tun a gida na ja mata kunne, kada ta ga an tafa mata ta ɗauka ta gama karatu. Amma da aka kira sunanta sai guɗa ta kufce mini a gaban jama'a. Ni Suwaiba! Babanta har yanzu dariya yake yi mini.

Kiɗan da aka sakar wa yara dai bai yi mini ba. Na faɗa wa hedimasta.

Shekara shida ina jin ƙararrawar makarantarsu daga kicin ɗina. In an tashi, kafin in sauke tukunya ta yi sallama. Wannan ya ƙare ke nan.

Alhamis, 31 ga Yuli

Sunanta ya fito. Ta samu sakandaren da muke so, mai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Olabisi da muke kira Bisi ma ta samu, 'yar maƙwabciyata Mosunmola. Su biyun suka yi ta tsalle a tsakar gida har suka zubar mini da ruwan wanki. Ban yi faɗa ba. Na ɗan yi.

Sai dai nisa. Daga nan Rikkos sai an hau keke napep zuwa Tina Junction, a tsallaka titi, a haura da ƙafa. Yarinya 'yar shekara sha ɗaya. Na yanke hukunci: ni zan riƙa kai ta, ni zan ɗauko ta.

Baban Kubra ya ce, "Har aji uku, ko har jami'a za ki kai ta?" Shi komai wasa ne.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na rubuta dokoki tara a bayan tsohuwar kalanda, na manna a bayan ƙofa. Ta ɗaya, ni zan kai ki, ni zan ɗauko ki. Ta biyu addu'ar fita. Ta uku ba a zama gaba kusa da mai keke. Ta huɗu, ba a fita ba lema, nan Jos ne, rana na iya fitowa da safe a yi ruwa da hantsi. Ta bakwai ba ciye-ciye a kan hanya, mutumin kirki ba ya tafiya yana tauna.

Kubra ta karanta duka ta haddace. Sai ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Umma, ta ɗayan ce kawai. A sakandare ba a raka mutum. Dariya za su yi mini."

Na ce dariyar mutane ba ta taɓa karya wa kowa ƙafa ba, amma mota tana karyawa. Ta shiga ɗaki. Ba ta ci tuwo sosai ba.

Yaran yanzu kunyar iyayensu suke ji. Mu da, ko kusa.

Talata, 19 ga Agusta

Babanta ya kawo yunifom daga shagonsa na Nasarawa Gwom, ɗinkin hannunsa. Ya yi mata kyau ƙwarai. Ban faɗa mata ba, kada kanta ya kumbura.

Asabar, 30 ga Agusta

Taron iyayen sababbin ɗalibai. Ni da Maman Bisi muka je. Mataimakin shugaban makarantar, wani Mista Badung, dogo mai furfura, shi ya yi bayani, rabi Turanci rabi Hausa. Ya ce a firamare malami ɗaya ne ya san yaro kamar ɗansa, a nan malamai sun fi goma, kowa da littafinsa da aikinsa. Ya ce a bar yaro ya haɗa jakarsa da kansa tun da yamma yana duba jadawali. In ya manta littafi sau ɗaya ya sha kunya, ba zai sake ba. Wannan na yarda da shi, horo ne.

Sai ya kawo wadda ban yarda da ita ba. Wai suna da al'ada a makarantar: Larabar ƙarshe kafin a dawo daga hutu, duk sabon ɗalibi zai zo shi kaɗai ko da abokinsa, ta hanyar da zai riƙa bi kullum, ya rubuta sunansa a bakin get kafin takwas, a zaga da su ajujuwa, su koma gida. Ba uwa, ba uba.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malam, in wani abu ya sami yarinya a hanya, wa za a tambaya?"

Ya ce, "Mama, watarana za ki yi zazzaɓi, ko ki yi baƙi. Gara ta koyi hanya yanzu kina da lafiya." Aka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

A keke Maman Bisi ta ishe ni. "Maman Kubra, ke tsoro ya yi miki yawa. Ni Bisi, ko leƙa ta ba zan yi ba. Barcina zan yi ranar." Na kawar da kai. Wasu iyayen dai Allah ya shirya.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun bi hanyar ni da ita sau biyu a makon nan. Ta san inda ake sauka, ta san inda ake tsallakawa, wajen mai gasa masara. Babanta ya ce ranar Laraba a bar ta ta tafi da Bisi, in ta yi daidai a goge doka ta ɗaya. Na ce Laraba kaɗai na yarda. Sauran sai na gani.

Ta rungume ni har na kusa faɗuwa. Na ce ta sake ni, ba ta ga ina riƙe da wuƙa ba?

Talata, 9 ga Satumba

Na aro hijabin Gwaggo Fatimatuzzahra, ruwan toka, wanda Kubra ba ta san ni da shi ba. Ba wani abu ba. Nawa ne bai bushe ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Zan rubuta yadda ya faru, tunda ba mai karantawa.

Bakwai saura kwata ta yi addu'a ta fita, Bisi na jiranta a ƙofa. Na ƙirga ashirin, na zura hijabin Gwaggo, na ja shi har kan hanci, na bi su. Gari garau, rana ta fito.

A bakin titi keke ya tsaya, baya a cike, mai keken ya matsa yana nuna musu gefensa. Na ƙara sauri. Sai na ga Kubra ta girgiza kai, ta ja hannun Bisi baya. Suka jira na gaba. Na hau wanda ke bayansu, na ce wa mai keken ya bi wancan, kada ya wuce shi. Ya ce, "Hajiya, 'yar sanda ce ke?" Na ce ya kula da tuƙinsa.

Kafin mu kai Tina hadari ya haɗo. Ina sauka ruwa ya tsuge. Sai a lokacin na tuna lemata tana rataye a bayan ƙofa, daidai ƙarƙashin kalandar.

Na ruga rumfar mai masara. Rumfar ta cika, sai gefe na samu inda ruwan kwano ke zuba mini a kafaɗa. Ina waigawa, wa zan gani a tsugune bayan buhun gawayi, ta rufe kai da zani? Maman Bisi. Mai barci.

Na ce, "Maman Bisi, nan ne gadon naki?"

Ta ce, "Shhh! Masara na zo saya."

"Tun daga Rikkos?"

Wani mutum a gefenmu, da hular sanyi har gira, ya fashe da dariya. Ya ce sunansa Benedict, ɗansa ne wancan mai jar jaka, shi ma ya ce wa matarsa wajen aiki zai je. Mai masarar ta ce duk shekara haka ake yi, ranar nan ta fi kowace rana ciniki.

Ina cikin dariya ban lura ba. Yaran sun taru a bakin titi su kusan takwas za su tsallaka, sai ɗaya ta fito daga cikinsu ta nufo rumfar. Kubra. Na ja hijabi na sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, na kunyata ta a gaban sababbin ƙawaye tun ba a fara ba, abin da ta roƙe ni kada in yi.

Ta tsaya a gabana ta ɗan rusuna, ta ɗaga murya yadda na bakin titi za su ji: "Sannu Hajiya, ruwa na dukanki. Ga lema."

Ta saka mini ita a hannu. Sannan ƙasa-ƙasa, ba ta ko kalle ni ba: "Umma, doka ta huɗu."

Ta koma da gudu ta shiga lemar Bisi. Suka duba dama, suka duba hagu, suka sake duba dama, suka tsallaka. Ina kallo har suka haura.

Maman Bisi ta yi dariya har da riƙe ciki. Benedict ya saya mana masara. Na ci. A kan hanya, a tsaye, ina tauna. Allah ya yafe mini, masarar ta yi daɗi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na tambaye ta yaushe ta gane ni. Ta ce tun daga layinmu. Wai hijabin na Gwaggo ne, amma Gwaggo ba ta tafiya kamar za ta je kama ɓarawo.

Sunanta na shida a littafin bakin get, takwas saura goma. Ba ta gaya wa babanta komai ba. Maman Bisi ce ta gaya masa, mai bakin tsiya. Da ya dawo daga shago sai ya ce, "Sannu Hajiya, ko in kawo lema?"

Mura ta kama ni.

Litinin, 15 ga Satumba

An koma makaranta. Jiya da yamma ita ta haɗa jakarta, ban taɓa ba. Na dai ɗaga na ji nauyinta.

Da safe na saka hijabi, nawa. Ta gan ni, ta tsaya tana jira a zaure. Sai na tuna wake yana kan wuta, ga murar nan ba ta sake ni ba. Ba zan bar abinci ya ƙone saboda yarinyar da ta san hanya ba. Na ce ta wuce, Bisi na jira, kuma kada in ji an ce ta yi surutu a aji.

Ta ce, "To, Umma." Daga ƙofa ta juyo ta ɗaga mini lemar.

Ban bi ta ba. Na leƙa sau ɗaya, shara na fita zubarwa.

Kalandar ta jiƙe daga sama, ina jin ɗigar rufi ce, sai na yage wajen da ya lalace. Dokoki takwas ma sun isa yarinya mai hankali.

Ƙarfe biyu da rabi suke tashi. Yanzu sha ɗaya da minti biyar.