Kawunan Tarwadar da Na Kyafe

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta mai kewa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma kai ka saba mini da rubuta abu kafin ya ɓace, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya. Nana ta ce likita za ta zama, amma mai yin allura, ba irin babanta ba. Bello ya yi tsawo, takalmanka sun fara yi masa daidai. Shinkafar fadama ta yi kyau bana. Ana ta raɗe-raɗin za a raba mu da Sakkwato a ba mu jiharmu, kowa a unguwarmu Badariya ya zama gwamna da baki. Ni dai ina nan ina koyarwa a firamare.

Ka tuna zuwanka na farko gidanmu a Argungu? Lokacin ka dawo daga ƙasar Turawa, inda ka yi shekaru kana buɗe kan ɓera. Ba aure ka zo nema ba, kan tarwada ka zo saye wurin Baba. Baba ya ce tun da yake sana'ar su bai taɓa ganin mai sayen kai ya bar tsoka ba. Masunta suka sa maka Likitan Kan Kifi. Ƙarshe ka tafi da kawunan, ka haɗa da 'yar masuncin.

Ni ce ɗalibarka ta farko, ko da yake ba ka ba ni takardar shaida ba. Ka ce ƙwaƙwalwa tana aika ɗan gajeren saƙo, wani sinadari da kuke kira feftayid, zuwa wani ƙullutu da bai wuce ƙwayar gero ba a ƙarƙashinta. Shi kuma ƙullutun ya saki wani sinadarin, homon, cikin jini, homon ya gaya wa ƙwai lokaci ya yi. Abin da kake son nunawa shi ne saƙon nan yana ƙaruwa ne daidai da tasowar ruwan gulbi. Ka ce irin saƙon yana cikin kan ɗan Adam ma, kuma da yawa daga matan da ake zagi kan rashin haihuwa ba su da laifin komai, saƙo ne bai isa ba. Ranar na koma ɗaki ina ji da kaina kamar ni na gano.

Kowane wata Yaya Bawa zai kama tarwada mata, ya datse kawunan a bakin gulbi, ya kawo mini Birnin Kebbi cikin kula cike da ƙanƙara. Ni in saka a firij, kai ka zo daga jami'a ranar Juma'a ka tafi da su. Wata bayan wata layin da kake zanawa na yawan saƙon yana hawa. Sai a watan da ruwa ya cika fadama, watan da ya kamata layin ya kai ƙololuwa, ya faɗo ƙasa warwas.

Malam, ni ce.

Ranar da Yaya ya kawo kawunan babu wuta, kwana biyu ke nan. Firij ɗin kananzir ma ya ƙi kamawa, ƙanƙarar ta zama ruwa. Na buɗe kular na ji sun fara sauya wari. Me 'yar masunta take yi idan kifi zai lalace a gabanta? Kafin in yi tunani na hura wuta, na jera su a kan waya, na kyafe su tas. Sai da suka yi ja, suna ƙamshi, na tuna ka ce zafi yana kashe saƙon. Washegari na tafi kasuwa na sayi tarwada mata masu girma ɗaya, na yanke kawunan, na kai firij ɗin maƙwabta da ke da janareta. Da na farke cikin kifayen na ga fayau, sun riga sun zubar da ƙwai. Na gani da idona, na yi shiru. Naka kuwa, ni da yara muka cinye su da tuwon shinkafa. Bello har ya nemi ƙari.

Na ce zan faɗa maka ranar Juma'a. Juma'ar ta zo, ka yi mini godiya, na miƙa maka kawunan kasuwa. Da sakamako ya fito na ga yadda ka zauna a ƙarƙashin darbejiya kana kallon takarda, shayinka ya huce. Me zan ce a lokacin? In ce aikin shekara guda na zuba a miya? Na ce a raina bari damina ta zagayo ka sake, magana ta wuce. Sai fari ya zo, shekara biyu gulbi bai tashi yadda ya saba ba. A ta uku ciwo ya kwantar da kai.

Na ji da kunnena abokan aikinka suna ba ka shawara ka share wannan wata ɗaya ka fitar da aikin, tunda sauran duk sun tafi daidai. Ka ƙi. Ka ce ba ka da hujjar cire shi, kuma ba za ka cire abu don kawai ya ɓata maka rai ba. Waɗanda ka koyar suka zama farfesa, kai kana nan Dakta. Ina bayan labule ina alfahari da kai, ina kuma jin kunyar kaina.

Bara Dakta Rabi, abokiyar aikinka da ta gaji ɗakin bincikenka, ta zo karɓar littattafanka. Na ba ta fura, na zaunar da ita, na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a jira ruwa. Bana ruwa ya zo, muka tafi Argungu tare. Yaya Bawa ya kama, ya yanke, ni na rungume kular a cinyata har Sakkwato, ban bari yaron mota ya taɓa ta ba.

Layin ya hau, Malam. Ya hau daidai inda ka ce zai hau. Za a buga aikin, sunanka ne a farko, kuma Dakta Rabi ta ce za a rubuta a fili dalilin da ya sa aka sake watan. Na ce a rubuta, kada a rage komai. Da Yaya ya ji, ya zagaya bakin gulbi yana gaya wa masunta cewa surukinsu ya karanta abin da ke cikin kan tarwada.

Saura abu ɗaya. Makon jiya Dakta Rabi ta dawo mini da littafinka mai baƙin bango, ta buɗe mini shafin wannan wata. A gefe, da fensir, ka rubuta cewa Bawa bahago ne, wannan yankan kuwa na hannun dama ne, a karkace, irin na Kulu. A ƙasa ka ƙara cewa zato ba hujja ba ne, sai ta faɗa da kanta.

Ashe ka sani? Shekara uku kana cin tuwona, kana tambayata ya makaranta, kana jira? Kalma ɗaya za ka yi in fashe da kuka in faɗa, amma ka ƙi kunyata ni, ka kuma ƙi yi wa aikinka ƙarya. Ka ɗauki biyun ka tafi da su. Ban san akwai irinka ba sai da na aure ka, ban san iyakarka ba sai da na rasa ka.

To ga shi na faɗa da kaina, Malam. Na makara, amma na faɗa. Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Taka har kullum,
Kulu, mai yanka da hannun dama